Na ajiye aikin Abuja na koma gona a Kadawa: shin faɗuwa na yi?

Musbahu:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, amma yau ina tafe da wata damuwa da nake roƙon a taya ni dubawa.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, har na kai mataki na 10. Ɗaki ɗaya nake haya a Mararraba, iyalina kuma suna Kano, domin albashin bai isa ya kama mana gidan da zai ɗauke mu mu shida ba. Kullum ƙarfe biyar da rabi na asuba ina bakin titi ina jiran mota, saboda duk wanda ya san hanyar Nyanya ya san cewa idan rana ta fito maka a can, to sai ka share awa biyu kafin ka ga ƙofar ofis. Idan na isa sai in sa hannu a rajista in zauna, kuma akan yi wuni guda fayil ko ɗaya bai sauka a teburina ba, alhali aikin gona na karanta a Samaru ta Zariya, kuma da sonsa na karanta shi.

Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai zuwa gida da nake yi duk mako biyu ya koma sau ɗaya a wata, daga baya ma sai bayan wata biyu. Wata Juma'a na iso da daddare, na miƙa hannu zan ɗauki autarmu, a lokacin shekararta biyu da rabi, sai ta ƙanƙame zanen uwarta tana kuka tana cewa a kori baƙo. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma a daren nan ban runtsa ba. A watan Disamban 2023 na rubuta takardar ajiye aiki, na dawo na karɓi eka biyu da mahaifinmu ya bari a Kadawa, na kuma yi hayar eka uku a kusa da ita. Shinkafa nake yi da damina, tumatir da rani.

Abin da ya kawo ni gabanku shi ne, har yau idan maƙwabta suka tambayi Inna ina labarin na Abuja, sai ta ce musu hutu nake yi. Hutun nan ya kusa shekara biyu ke nan. A sunan ɗan ƙanena kuma, maroƙin da a da yake fara kirari da ni tun ban sauka daga mota ba, ya zo ya wuce ni kamar bai taɓa ganina ba, ya nufi wani ɗan ƙanwar mahaifinmu da yake aikin kwastan. Ni a raina ina jin ban taɓa samun natsuwa irin ta yanzu ba, amma idan na ga Inna ta sunkuyar da kai sai in shiga kokwanto. Shin mutum yana da ikon ya ce ga abin da yake kira cin nasara a rayuwarsa, ko kuwa wannan hukunci ne da jama'a kaɗai suke yankewa?

Alhaji Tasi'u:
Wa alaikumus salam. Malam Musbahu, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ban iya kwana-kwana ba, saboda haka ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A ganina ka yi gaggawa. Albashi ko bai da yawa yana da wata siffa guda da gona ba ta da ita, wato ba ruwansa da fari ko ambaliya ko tsutsa, wata yana ƙarewa zai shigo. Ma'aikata nawa ne suke da gonaki a Kura da Bunkure da Garun Malam, sun sa ƙannensu suna kula musu, su kuma suna riƙe da kujerunsu? Me ya hana ka yin haka?

Batun natsuwa kuma, ina girmama shi, amma ni ma'auni ɗaya na sani. Idan ƙarfe biyun dare ciwo ya kama Inna, aka kai ta asibiti aka ce sai an ajiye kuɗi kafin a shiga da ita tiyata, za ka iya sa hannu a aljihu, ko kuwa sai ka fara buga wa ɗan kwastan ɗin waya? Wanda ya iya amsa wannan tambayar ba tare da ya sunkuyar da kai ba, shi ne ya ci nasara, ko da kuwa kwasar bola yake yi. Maganar “ni ga yadda nake son rayuwata” magana ce ta wanda ya ƙoshi.

Baba Garba:
Ɗana Musbahu, Allah ya yi maka albarka. Ni na shiga aikin gwamnati a 1973, na fita a 2008 bayan na cika shekara talatin da biyar cif, don haka bari in gaya maka inda ma'aunin da mahaifiyarka take riƙe da shi ya samo asali, domin ba daga sama ya faɗo ba.

A zamaninmu takarda tana nufin aiki, aiki kuma yana nufin gida da bashin mota da fansho. An ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a 1967, kowace tana neman ma'aikata ido rufe, har ana zuwa makarantu a ɗauki ɗalibai tun ba su karɓi sakamako ba. Sai ga rahoton kwamitin Udoji a 1974, aka ƙara albashi aka kuma biya ariyas, na ga masinja ya sayi Vespa, na ga malamin firamare ya yi aure ya ƙara aure a shekara guda. Duk uwar da ta ga wannan da idonta, yayin da mijinta yake dawowa daga gona da faso a dugadugansa, ta ɗaura niyyar ɗanta ba zai riƙe fartanya ba. Da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976 irin waɗannan iyaye ne suka tura 'ya'yansu aji.

To amma mu da muke ciki mun ga yadda abin ya riƙa zaizayewa. A 1975 gwamnatin Murtala ta sallami dubban ma'aikata, wasu a rediyo suka ji sunayensu. A 1984 aka sake yin wata korar. Daga 1986 da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya shigo, darajar naira ta fara zubewa, albashin da a da yake riƙe gida har ya yi rara ya koma ba ya kai ashirin ga wata. Yau an ce mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, ku da kuke cefane kun fi ni sanin kwana nawa zai yi a gida mai mutum shida. Kiɗa ya daɗe da canzawa, mu ne dai muke ta taka tsohuwar rawar.

Game da maroƙi kuwa, kada ya hana ka barci. Ranar da na miƙa makullin ofis, a matsayin mataimakin darakta, na dawo gida na zauna a zaure ina jiran masu zuwa taya ni murna. Mutum huɗu ne suka zo, uku daga cikinsu abokan ƙuruciyata ne da ba su taɓa taka ofishina ba. Wayar da a da nake kashewa don in samu in ci abinci, sai da na riƙa dubawa ko lalacewa ta yi. A nan na gane cewa shekara da shekaru kujerar ake gaisarwa, ni kuwa ina ta amsawa. Sai dai ina ja maka kunne, kada ka haɗa mahaifiyarka da maroƙi a kwando ɗaya. Zan dawo kan wannan in an jima, jikokina sun taso ni.

Malama Hadiza:
Ina gaida Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na karanta bayanin ɗan'uwa Musbahu har sau biyu ina neman wata mata a ciki, na ga ta bayyana sau ɗaya tak, a matsayin mai zanen da yarinya ta ƙanƙame. Saboda ita na ga ya kamata in yi magana.

Maigidana ya taɓa yin irin wannan. Yana aiki a wani banki, ya ce ya gaji da zaman da babu lokacin salla babu lokacin iyali, ya ajiye ya zuba duk kuɗin sallamarsa a kiwon kaji. Ban san ya ajiye ba sai ranar da na ga ƙarfe tara ta yi yana zaune da jallabiya yana shan koko. Shekara ɗaya da 'yan watanni abin yana tafiya, sai murar tsuntsaye ta ɓarke a Kano a farkon 2015, aka wayi gari kajin suna zubewa kamar ana kaɗe ganye, waɗanda suka rage kuma aka hallaka su. Sarƙata da 'yan kunnena na gwal da mahaifiyata ta saya mini tun ina amarya, su suka biya kuɗin makarantar yara a wannan zangon. Shekara uku ina tashi daga aji in hau keken ɗinki har sha biyun dare. Alhamdu lillahi ya farfaɗo, yanzu abincin kaji yake sayarwa kuma asirinmu a rufe yake, ban kuma taɓa goranta masa ba. Amma idan yana ba abokansa labarin yadda ya yi ƙarfin halin bin zuciyarsa, nakan yi murmushi kawai, domin na san wuyan da aka tuɓe aka biya kuɗin wannan ƙarfin halin.

Don haka tambayata gare ka ita ce, ka shawarci matarka kafin ka rubuta takardar, ko kuwa labari ka ba ta bayan ka gama yanke hukunci? Ba na musun cewa mutum yana da ikon zaɓar ma'auninsa. Ni kaina shekarata goma sha tara ina koyar da 'yan aji ɗaya a firamare, sau biyu ana nemana in koma ofis ina ƙi, domin babu abin da yake faranta mini rai kamar ranar da yaron da ya zo bai san baƙi ko ɗaya ba ya haɗa “ba” da “ba” ya karanta “baba” da kansa, ya ɗago yana kallona kamar ya tsinci kuɗi. Ƙawayena suna ganin rashin zuciya ne, ni kuwa ko a jikina. Bambancin shi ne, zaɓina bai rage wa kowa loma ba. Kuma mu mata mun fi ku sanin zafin ma'aunin mutane, tunda mu da akwatunan lefe da sunan miji ake auna mu, ko da mace ta haddace Alƙur'ani ko ta zama likita.

Malam Nura:
Allah ya saka wa Malama da alheri, ta taɓo inda ciwon yake. A ganina muhawarar za ta warware idan muka raba mutanen da suke auna Musbahu gida biyu. Akwai 'yan kallo, irin su maroƙi da 'yan majalisar ƙofar gida, waɗanda ba su da komai a wuyansa, kuma duk wanda ya daka rawarsu zai rasa turmin daka tasa. Akwai kuma masu haƙƙi, wato mahaifiya da mata da 'ya'ya, su kuwa ba zai yiwu ya ce ra'ayinsu bai dame shi ba. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wadata ba yawan dukiya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Amma akwai wani a Abu Dawuda da yake cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa take kansa. Masu son su bar aiki sukan haddace na farkon su manta na biyun, masu tara abin duniya kuma sukan fake da na biyun har su mutu ba su ɗanɗani na farkon ba.

Ko a harshenmu ma akwai abin lura. Muna cewa wane ya yi arziki idan ya samu dukiya, amma kuma muna cewa wane ɗan arziki ne, ko ana zaman arziki, ko an rabu da arziki, kuma babu kuɗi ko sisi a cikin waɗannan. Addu'ar da tsofaffinmu suka fi yi wa ɗa ita ce Allah ya rufa asiri, Allah ya yi albarka. Ma'aunin mota da mataki baƙo ne a wurinmu, kamar yadda Baba ya nuna.

Tarihinmu kuma bai rasa waɗanda suka juya wa kujera baya ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a tsakiyar jihadi wajen 1807, ya ga yadda son mulki da ganima suka fara shiga zukatan jama'a, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya zauna yana karantar da su har ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kafin ya koma. Malam Aminu Kano kuma ya ajiye aikinsa a kwalejin horar da malamai ta Maru a 1950, a lokacin da ɗan Arewa mai karatun Landan ba abin da zai nema ya rasa, ya rungumi jam'iyyar NEPU da talakawa. Ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja ba tare da ya tara abin duniya ba, ga shi yau filin jirgin sama da asibitin koyarwa na Kano sunansa suke ɗauke da shi.

Alhaji Tasi'u:
Allah ya gafarta Malam, ni ma ɗan gidan 'yan NEPU ne, mahaifina har ɗauri ya sha saboda ita, don haka ba za a fi ni son Malam Aminu ba. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya. Muna yabon irinsu ne bayan ƙasa ta rufe musu ido. A cikin masu yabon nan, mutum nawa ne idan saurayi ya zo neman 'yarsa ya ce ya ajiye aikin tarayya saboda aƙida, zai shimfiɗa masa tabarma? Sannan Malam Aminu ɗan gidan malamai da alƙalai ne, kuma mutum ɗaya ne a cikin miliyoyi. Musbahu kuwa tumatir zai kai kasuwar Kwanar Gafan, inda idan kaya suka yi yawa a watan Fabrairu dillali ne yake yanka farashi, manomi yana tsaye yana kallo, domin ya san idan ya ƙi sayarwa yau gobe ruɓewa zai yi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sai dai tunda Baba da Malama sun buɗe cikinsu, ni ma bari in buɗe nawa kaɗan. Ina da izu arba'in a ka lokacin da aka cire ni daga makarantar allo aka kai ni shagon kawuna, da alkawarin zan dawo in ƙarasa idan kasuwa ta lafa. Shekara talatin da ɗaya ke nan kasuwa ba ta lafa ba. Na gina gida, na je Makka, na je Dubai da Guwanzu sarin kaya ban san adadi ba, ina kuma shan maganin hawan jini safe da yamma. Idan na bi wani yaro tarawihi na ji ya shiga izun da ban kai ba, wani abu yakan tokare mini maƙogwaro. Ban janye maganata ta asibiti ba, amma ba zan ce ban gane abin da Musbahu yake nufi ba.

Isufu:
Ina gaida jama'a daga Maraɗi. A wajenmu ma an yi zamanin da babu kamar ma'aikacin gwamnati, wanda ya yi lakkol, wato makarantar boko, ya samu aiki shi ne ake ba mata ko babu dogon bincike. Sai shekarun 1990 suka zo, ma'aikata suka riƙa yin watanni babu albashi, ga kuma karya darajar sefa da aka yi a watan Janairun 1994, wadda ta raba kuɗin gida biyu. Mahaifina malamin makaranta ne, na tuna yana karɓar bashin hatsi a wurin abokinsa da aka taɓa yi wa dariya don ya gudu daga lakkol ya bi Alhazan Maraɗi fatauci. Tun daga nan idon mutane ya juya, har ya zarce inda ya kamata, domin yanzu a ƙauyukanmu ana auna saurayi ne da tafiya. Wanda ya je Libiya ko Aljeriya ko Abijan ya dawo da babur da babbar waya shi ne namiji, wanda ya zauna yana noman rani a Jiratawa kuwa ana ganin ragon gida ne, ko da ya fi shi samu. Manoman albasar Galmi kayansu yana kai wa har Gana da Kwaddibuwa, amma sai ka ga ɗan manomin ya fi son ya ratsa sahara.

Abin da nake son nunawa shi ne, a cikin rayuwar mahaifina kaɗai ma'aunin jama'a ya juya sau biyu. Wanda ya ce sai ya bi shi zai yi ta gudu ne bayan abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Musbahu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Tambayar Yaya Hadiza ta fi kowace yi mini nauyi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya wa maiɗakina mako guda kafin in miƙa takardar, amma gaskiya na riga na rubuta ta, tana cikin jakata. Na kira abin shawara, alhali sanarwa ce. Ta ce mini Allah ya sa haka ne mafi alheri, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin amincewa saboda abin da nake son ji ke nan.

Ga Alhaji kuma, na gwada riƙe biyun kafin in ajiye. Shekara biyu ina turo kuɗin taki da na ƙwadago daga Abuja, abin da ake kawo mini a ƙarshen damina bai taɓa mayar da abin da na zuba ba, domin gona ba ta son saƙo. Bayan na dawo kuma ban same ta da sauƙi ba. Ranin farko tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda ta yi ɓarna mai yawa a 2016, ta shigar mini tumatir, ganye ya bushe kamar an babbaka shi, abin da ya tsira kuma ya faɗo daidai lokacin da kasuwa ta cika, har sai da muka yanka wani muka shanya ya zama kauɗa. Na fita da bashin mai taki a wuyana, kuma na cire yara biyu daga makarantar kuɗin da suke na mayar da su wata mai sauƙi. Shinkafar damina ce ta ɗaga ni, irin Faro 44 na dasa a layi da tazarar da aka koya mana a Samaru, maƙwabtan da suka riƙa yi mini dariya ina jan igiya a cikin taɓo su ne bana suka zo aron igiyar. Idan na haɗa shekarar da ta wuce gaba ɗaya, abin da ya shigo ya ɗan ɗara albashina, kuma babu hayar Mararraba babu kuɗin mota, sai dai sau biyu yake zuwa a shekara, tsakaninsu kuwa akwai watannin da nake ƙirga kwanaki. Tambayar asibitin nan, a watan Nuwamba zan iya amsa ta, a watan Yuli ban da tabbas. A bara ne kuma na fara fitar da zakka a rayuwata, domin albashina bai taɓa kwana har ya kai nisabi ba.

Akwai wani abu da ban faɗa ba, wanda maganar Baba ce ta tono mini shi. Har yanzu katin shaidar ofis yana cikin aljihun motata, kuma idan na haɗu da baƙo ya tambaye ni sana'ata, ba na cewa manomi ne ni, sai in ce ni tsohon ma'aikacin tarayya ne da yake ɗan taɓa noma. Ashe ba Inna kaɗai ce take cewa hutu nake yi ba.

Malama Hadiza:
Tunda ka amsa da gaskiya, ƙanena, ni ma ba zan tsawaita ba. Ka koma ka yi shawarar da ba ka yi ba, ko da ta zo a makare. Ka buɗe mata littafin lissafin gonar ta ga bashin da ribar da idonta, ka tambaye ta wane abu ne idan ya faru za ku ce a sake lale, misali idan aka yi shekara biyu a jere ana cin bashi kafin a biya kuɗin makaranta. Sannan ranar da aka gama bugun shinkafa, tun buhunan suna gona, ka ware na makarantar yara da na asibiti ka damƙa a hannunta, kada su shiga lissafin taki ko na biki. Shanshera tana ajiyuwa, kuma takan yi daraja idan aka yi nisa da kaka, saboda haka ita ce za ta riƙe ku a watan Yulin da kake tsoro. Batun makarantar da aka sauya wa yara kuwa, kada ka bari ya zama dindindin, domin su ba a tambaye su ba.

Baba Garba:
Na dawo kan maganar mahaifiyarka kamar yadda na yi alkawari. Ɗana, ba kuɗinka take kuka ba. Na tabbata akwai akuya ko tasa ko zane da ta sayar don ka zauna a aji, kuma shekara goma sha ɗaya abin da take karɓa a madadinsu shi ne ta ce “ɗana na Abuja” a gidan biki. Ka karɓe mata wannan ba ka ba ta wani abu a gurbinsa ba, sannan a idonta ka koma daidai inda mahaifinka ya ƙare da ciwon baya. Ba ta san cewa noman da Dam ɗin Tiga yake shayarwa tun zamanin Audu Bako, a hannun wanda ya karanci abin, ya bambanta da wanda ta sani ba. Bayani ba zai gamsar da ita ba, don haka kada ka ɓata bakinka. Ka ɗauke ta a mota ranar yanka ka kai ta ta zauna a inuwa ta ga mutum ashirin suna aiki a ƙarƙashin ɗanta. Buhun farko ka sa a turara a Kura a casa, ka kai ɗakinta, ka bar ta ta auna wa maƙwabtan nan da kwanonta, da hannunta. Katin ofis kuma ka fitar da shi daga motar nan.

Musbahu:
Assalamu alaikum. Na yi kwana huɗu ban leƙo ba, ina neman afuwa. Mun zauna da maiɗakina da littafin a gabanmu har bayan sha ɗayan dare, kuma na ji maganganun da ta haɗiye kusan shekara biyu, wasu ba su yi mini daɗi ba. Ta ce ba ta son in koma Abuja, amma ta kafa sharaɗin cewa babban yaronmu zai koma tsohuwar makarantarsa a zango mai zuwa, ko da zai sa in rage eka ɗaya daga hayar bana, na kuma amince. Katin yana hannunta yanzu, ta ce za ta adana shi tare da takardun haihuwar yara.

Jiya bayan la'asar na je wurin Inna, na same ta tana tsince wake a faifai. Na ce mata nan da mako uku za mu fara yanka, ina son ta zo ta sa mana albarka. Ta daɗe ba ta ɗago ba, har na ɗauka ba za ta amsa ba. Can sai ta tambaye ni mutum nawa ne za su yi yankan, na ce za su kai ashirin. Ta ture faifan gefe ta ce, “To wa ka sa zai dafa musu abinci?”